Ciwon Nono Bayan Shayarwa: Yaushe Ya Kamata a Ga Likita?

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, ya ke ɗaliba, da wuya a sami gida a garin Mubi wanda babu mai goyo a cikinsa, ko wadda ta yaye ɗa kwanan nan. Wataƙila mahaifiyarku ce, ko yayarku, ko matar wanku, ko maƙwabciya. A ce wata rana kun ga ɗaya daga cikinsu ta dafe ƙirji tana yamutsa fuska. Da kuka tambaye ta sai ta ce, “Ba komai, nono ne yake ɗan yi mini ciwo tun da na yaye yaron nan.” Ba ta faɗi ba, ba ta buge ba, ba ta kuma san dalilin ciwon ba. Me ya kamata ta yi? Ta yi haƙuri har ya wuce, ko ta tafi asibiti?

Ga amsar a taƙaice. Yawancin ciwon nono bayan shayarwa yana da dalili mai sauƙi, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma akwai wasu alamu waɗanda idan sun bayyana ba a jira. Wanda ya san su zai iya ceton lafiyar 'yar'uwarsa, wani lokaci ma har da ranta.

Akwai wani dalili kuma da ya sa darasin ya shafe ku. Mubi gari ne mai harsuna da yawa. Akwai Fali da Gude da Margi da Higi da Fulani, ga kuma baƙi masu zuwa kasuwa daga Kamaru. Hausa ce take haɗa yawancinsu a kasuwa da tasha da asibiti. Wata rana ku ne za ku raka wata 'yar'uwa daga ƙauye wadda Hausarta ba ta da yawa, ku zama tafintarta a gaban ma'aikatan lafiya. A ranar za ku buƙaci kalmomin da ke cikin wannan darasi.

Kalmar “nono”

Kafin mu ci gaba, ku lura da cewa kalmar nono tana da ma'ana uku a Hausa. Nono shi ne sashen jikin mace da jariri yake tsotsa. Nono kuma shi ne ruwan da yake fita daga cikinsa. Haka nan nono shi ne madarar shanu da ta yi tsami, wadda matan Fulani suke sayarwa tare da fura. Wasu suna kiran sashen jikin da suna mama, musamman don sakaya magana. Don gudun ruɗani, a nan za mu ce nono idan muna nufin sashen jiki, mu ce ruwan nono idan muna nufin abin da jariri yake sha.

Yadda nono yake aiki

A cikin nono akwai ƙananan jakunkuna masu yawa da suka taru kamar 'ya'yan inabi a reshe. A cikinsu ne ake samar da ruwan nono. Daga nan sai wasu siraran hanyoyi su ɗauke shi zuwa kan nono. Duk lokacin da jariri ya yi tsotso, saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwar uwa, sai jiki ya saki sinadarai biyu. Na farko, wato furolaktin, shi ne yake sa a samar da ruwan. Na biyu, wato oksitosin, shi ne yake matse jakunkunan don ruwan ya gangaro.

Jiki yana bin ƙa'ida ɗaya mai sauƙi. Gwargwadon yadda aka sha ruwan nono, gwargwadon yadda za a samar da wani. Idan ruwan ya zauna ba a sha ba, sai jiki ya rage samarwa sannu a hankali. Ku riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce take bayyana yawancin ciwon da za mu yi magana a kansa.

A kwanakin farko bayan haihuwa, abin da yake fitowa shi ne dakashi, ruwa mai kauri, mai launin rawaya. Wasu suna zubar da shi wai ƙazanta ne, alhali kuwa yana ɗauke da abubuwan da suke kare jariri daga cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Ciwon da yake zuwa lokacin shayarwa

Na farko shi ne tsagewar kan nono. Yakan faru ne idan jariri bai kama nono da kyau ba, wato ya riƙe kan kawai da leɓensa. Kamun da ya dace shi ne ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da'irar da ke kewaye da kan, haɓarsa tana taɓa nonon. Da zarar an gyara kamu, ciwon yakan ragu.

Na biyu shi ne cikar nono. Tsakanin kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa ruwa yakan zo da yawa, nonuwa biyu su yi nauyi, su yi tauri, fata ta ɗame tana sheƙi. Maganinsa shi ne a riƙa shayar da jariri duk lokacin da ya nema. Idan taurin ya hana shi kamawa, uwa ta tatse kaɗan da hannu tukuna.

Na uku shi ne cushewar hanya. Idan ruwa bai fita da kyau daga wani ɓangare ba, wurin yakan kumbura ya yi ƙullutu mai zafi. Jariri ya tsallake shan dare, ko rigar nono ta matse, ko uwa ta daɗe a kasuwa ko gona ba ta shayar ba, duk suna iya jawo haka. Sau da yawa yakan sake cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na huɗu shi ne kumburi mai zazzaɓi. Wani ɓangare na nono ɗaya yakan yi zafi da ja, uwa ta ji jikinta ya mutu, ga ciwon kai, ga rawar sanyi. A fatar baƙin mutum ba kullum ake ganin jan sosai ba. Wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi sheƙi, kuma idan an taɓa a ji ya fi sauran jiki ɗumi. An fi samun wannan a watanni ukun farko bayan haihuwa, amma yana iya zuwa a kowane lokaci, har da lokacin yaye. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Da yake zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a yankinmu, da an ji zazzaɓi da rawar sanyi sai a aika yaro kyamis ya sayo maganin maleriya, ba a ko ambaci nonon ba. Kwanaki suna wucewa, ciwon yana ƙara cin gaba.

Na biyar shi ne ƙurji. Idan kumburi mai zazzaɓi bai sami magani ba, mugunya tana iya taruwa a ciki. Wurin yakan yi zugi dare da rana, tsakiyarsa ta yi laushi. Ƙurjin nono ba ya warkewa da shafe-shafe. Sai an fitar da mugunyar a asibiti.

Ciwon da yake zuwa bayan yaye

A gidaje da yawa ana yaye yaro ne a rana ɗaya. Da safe a kai shi gidan kakarsa, ko a shafa wa kan nono abu mai ɗaci don ya ƙi sha. Wata kuma dole ce take sa ta tsayar da shayarwa farat ɗaya, kamar rashin lafiya, ko tafiya, ko rasuwar jariri. To, nono bai san an yi yaye ba. Zai ci gaba da samar da ruwa yadda ya saba, ga shi babu mai sha. Sai ya cika, ya yi tauri, ya yi ciwo na wasu kwanaki kafin jiki ya gane ya rage. A cikin waɗannan kwanaki hanya tana iya cushewa, kumburi mai zazzaɓi kuma yana iya biyo baya.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son yaye a hankali. Uwa ta daina shayarwa sau ɗaya a yini, bayan 'yan kwanaki ta sake rage ɗaya, har a kai ga dainawa. Wannan ya fi sauƙi ga nono, ya kuma fi sauƙi ga zuciyar yaron. Idan kuwa an riga an yi yaye a rana ɗaya, uwa ta tatse kaɗan, iya abin da zai rage mata nauyi. Idan ta tatse duka, jiki zai ɗauka har yanzu akwai mai sha.

Bayan yaye, nono yakan ɗauki makonni yana komawa yadda yake. A wannan lokaci mace tana iya jin ɗan suka ko tsami jefi-jefi, kuma ɗigon ruwan nono yana iya fitowa har tsawon watanni. Wannan ba abin tsoro ba ne. Sai dai yawan matsawa don a duba ko ya tsaya yakan hana shi tsayawa.

Wasu dalilai da ba a tunawa da su

Ba kowane ciwo ne yake fitowa daga shayarwar ba. Jinin al'ada yakan dawo bayan an rage shayarwa, kuma mata da yawa sukan ji nonuwa biyu sun yi nauyi da tsami 'yan kwanaki kafin ya zo, su sake bayan ya zo. Sabon ciki ma yakan fara da irin wannan ciwo, tun kafin mace ta san tana da shi. Wasu hanyoyin tazarar haihuwa, kamar ƙwayoyi da allura da wanda ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, suna iya sa nono tsami a watannin farko.

Wani lokaci kuma ciwon yana cikin naman ƙirji ne ko haƙarƙari da ke bayan nono. Macen da take daka, ta ɗebo ruwa, ta yi noma, ga goyo a baya, tana iya jin wannan. Alamarsa ita ce yana ƙaruwa idan ta ɗaga hannu, ko ta juya, ko ta danna ƙashin ƙirji.

Abin da za a iya yi a gida

Idan ciwon kaɗan ne, babu zazzaɓi, mace tana iya gwada waɗannan. Ta ci gaba da shayarwa idan ba ta yi yaye ba, har da nonon da yake ciwo, domin ruwan ba ya cutar da jariri, tsayarwa kuma takan ƙara cikar. Ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta ɗora na 'yan mintuna. Ta sa rigar nono da take tallafewa ba tare da matsi ba. Ta huta, ta sha ruwa. Tana iya shan farasitamol bisa ƙa'idar da aka rubuta.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a guje musu. Kada a murza nono da ƙarfi, domin hakan yana ƙara kumburi. Kada a gasa shi da tafasasshen ruwa. Kada a ɗaure shi tam da zane. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da umarnin ma'aikacin lafiya ba, domin wanda aka sha ba daidai ba yakan ɓoye ciwo, bai kuma warkar da shi ba.

Alamun da suke cewa a tafi asibiti yau

1. Zazzaɓi ko rawar sanyi tare da ciwon nono.
2. Wuri mai zafi da ja ko duhu, wanda yake ƙara faɗi.
3. Mugunya tana fita daga kan nono ko daga fata.
4. Kumburi mai zugi da ya hana barci.
5. Ciwo ya hana uwa shayarwa, ko jariri ya kasa kama nono.
6. An kula da shi a gida na awa 24 amma bai yi sauƙi ba.
7. Ciwon ƙirji tare da wahalar numfashi ko kumburin ƙafafu. Wannan yana iya zama daga zuciya, kuma na gaggawa ne.

Alamun da suke cewa a tafi cikin makon nan, ko da babu zafi

1. Ƙullutu da bai ɓace ba bayan mako ɗaya ko biyu, ko wanda yake girma.
2. Ciwo a wuri ɗaya tak da ya wuce mako 2 bai daina ba.
3. Fatar nono ta lotsa, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo.
4. Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.
5. Jini ko ruwa garai yana fita da kansa daga nono ɗaya.
6. Gyambo ko ƙuraje a kan nono da suka ƙi warkewa.
7. Kaluluwa a hammata da ta ƙi sauka.
8. An shanye maganin da likita ya rubuta, amma kumburin yana nan.

Batun sankara

Yanzu mu zo ga abin da yake cikin zuciyar mata da yawa, ko da ba su furta ba. Shin ciwon nan sankara ce? Sankara, wadda ake kira ciwon daji ko kansa, cuta ce da wasu ƙwayoyin halittar jiki suke ta hayayyafa ba tsayawa, har su yaɗu zuwa wasu sassa. Kada ku rikita ta da sanƙarau, cutar da take sandarar da wuya a lokacin zafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar nono a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin 670,000. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. Babbar matsalar da likitocinmu suke kuka da ita ita ce yawancin masu cutar ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa, lokacin da magani ya yi wuya, ya yi tsada.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ku sani. Na ɗaya, ciwo shi kaɗai ba kasafai yake nuna sankara ba, kuma yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne. A jikin mai shayarwa sau da yawa ruwan nono ne ya taru wuri ɗaya. Na biyu, ƙullutun sankara yakan fara ne ba tare da ciwo ba. Saboda haka maganar “ai ba ya yi mini zafi” ba hujjar zama a gida ba ce. Na uku, shayarwa tana rage haɗarin kamuwa da sankarar nono, amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Akwai ma wani nau'i na cutar, wanda ba shi da yawa, da yake zuwa da kumburi da zafi kamar ciwon mai shayarwa. Wannan ne dalilin da ya sa kumburin da ya ƙi jin magani yake buƙatar a sake dubawa. Hannu ba ya iya bambance ƙullutu mai haɗari da marar haɗari. Gwajin asibiti ne yake bambancewa.

Kunya da jinkiri

Me yake hana mata zuwa asibiti da wuri? Kunya tana kan gaba. Kunya ɗabi'a ce mai kyau a al'adunmu, amma mace tana iya ɗaukar watanni da ƙullutu ba ta gaya wa ko mijinta ba. Sai tsoro, domin wasu suna jin cewa duk wadda ta kai nono asibiti yanke shi za a yi. Gaskiyar magana ita ce yawancin masu zuwa da ciwon nono shawara da magani kawai ake ba su su koma gida. Sai kuma kuɗin mota da na magani, wanda matsala ce ta gaske. Amma kumburin da ƙwayoyin 'yan kwanaki za su warkar, idan aka bar shi ya zama ƙurji, sai ya ci ninkin kuɗin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai ɗalibi namiji, kada ka ce wannan zancen mata ne. A gidaje da yawa maigida ne yake ba da izinin fita da kuɗin asibiti. Gobe kai ne maigidan.

Ina za a je, kuma me za a tarar?

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta unguwa ko ta ƙauye, inda ake awon ciki da rigakafin yara. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mace babban asibitin Mubi. Idan ana buƙatar gwaji mai zurfi, akan tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, kimanin kilomita 200 daga Mubi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Ma'aikacin lafiya zai fara da tambayoyi, sannan ya duba nonuwa biyu da hammata. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace, ko ta shiga da 'yar'uwarta. Ana iya ɗaukar hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, don a ga ko ƙullutun ruwa ne ko nama. Idan mugunya ce, a zuƙe ta da allura ko a yi ƙaramin aiki. Idan akwai shakka, a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin gwaji.

Kalmomin bayyana ciwo

Likita yana dogara sosai da bayanin marar lafiya. Idan ku ne tafinta, “tana jin ciwo” bai isa ba. Hausa tana da kalmomi da suke rarrabe ciwo. Zugi shi ne ciwo mai bugawa kamar bugun zuciya, irin na ƙurji. Suka ita ce ciwon da yake zuwa farat ɗaya kamar an caka allura. Raɗaɗi shi ne irin abin da ake ji idan barkono ya taɓa rauni. Tsami shi ne ciwon da ake ji idan an taɓa wuri ko an motsa shi, kamar jikin wanda ya wuni yana noma. Nauyi da tauri kuma su ne na nonon da ya cika. Ku karanta wannan hira ku ga yadda ake amfani da su.

Nas: Sannu, Maman yaro. Me yake damun ki?

Uwa: Yauwa, sannu Sista. Nonona na dama ne yake ciwo.

Nas: Tun yaushe?

Uwa: Yau kwana huɗu ke nan. Na yaye yarona ranar Asabar, na kai shi wurin kakarsa.

Nas: Wane irin ciwo ne? Zugi yake yi ko suka?

Uwa: Da farko nauyi ne da tauri. Tun jiya kuma zugi yake yi ta nan gefen hammata.

Nas: Akwai zazzaɓi?

Uwa: Akwai. Daren jiya har da rawar sanyi. Na sha maganin maleriya, bai sauka ba.

Nas: Kin kyauta da kika zo yau. Shigo ciki in duba ki. Ƙanwarki ma ta shigo idan kina so.

Uwa: To, na gode, Sista. Allah ya saka da alheri.

Kammalawa

Mu koma ga matar da muka fara da ita. Idan kwana biyu ke nan da yaye, nonuwa biyu sun yi nauyi, babu zazzaɓi, babu ƙullutu, tana iya kula da kanta a gida tana lura. Idan zazzaɓi ya shigo, ta tafi a ranar. Idan ciwon ya wuce mako 2, ko ta ji ƙullutu, ko ta ga fata ko kan nono ya sauya, ta tafi cikin makon ko da ba ta jin zafi. Idan kuma ta rasa gane wanne ne nata, ta je ta tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Sababbin kalmomi

Shayarwa: ba jariri nono.
Yaye: raba yaro da shan nono.
Dakashi: ruwan nono na kwanakin farko bayan haihuwa.
Tatsa: matse nono don ruwa ya fito.
Ƙullutu: dunƙulallen abu da ake ji a ƙarƙashin fata.
Mugunya: ruwa mai kauri da yake taruwa a ƙurji.
Kaluluwa: ɗan kumburi a hammata ko wuya ko matsematsi.
Lotsa: shigewa ciki kamar an danna da yatsa.
Wanzami: mai aski da kaciya da tsaga na gargajiya.
Tafinta: mai fassara magana tsakanin mutum biyu.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar nono, ka sa kowace a cikin jimla.
2. Wace ƙa'ida ce jiki yake bi wajen samar da ruwan nono?
3. Me ya sa yaye a rana ɗaya yake jawo ciwo?
4. Wane kuskure ake yi idan mai shayarwa ta yi zazzaɓi?
5. Kawo alamu huɗu da suke sa a tafi asibiti a ranar.
6. Me ya sa rashin jin zafi ba hujjar zama a gida ba ne?
7. Bambanta tsakanin zugi da suka da raɗaɗi.
8. Yi bayanin karin maganar nan kamar yadda aka yi amfani da ita a darasi: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aiki

(a) Ku kasu biyu-biyu ku karanta hirar da ke sama da babbar murya. Bayan haka ku ƙara mutum na uku, uwa ta yi magana da harshenku na gida, tafinta ya mayar da Hausa.

(b) Ka rubuta jimloli biyar da suka fara da “Idan”, kamar haka: Idan zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti a ranar.

(c) Ka rubuta wa yayarka da ke ƙauye wasiƙa ta layi goma sha biyar, ka ba ta shawara kan yadda za ta yaye ɗanta, da alamun da za su sa ta zo asibiti.